Wa ke riƙe da makullin wuta a cikin wayarka?

Ranar kasuwa ce cikin watan Afrilu, a wani ƙauye da ke hanyar Auyo. Ina zaune a rumfar ƙanena mai gyaran waya. Rumfar kwano ce, zafi yana saukowa ta sama kamar an kifa wa mutum tanda. Sai ga wani dattijo ya zaro waya daga aljihun gaba ya ajiye kan tebur, ya ce tun hantsi take jone a wurin mai caji amma ta tsaya a 61, ta ƙi gaba. Ƙanena ya canja caja, ya hura bakin cajin, ya bi shi da buroshi, bai ga canji ba. Ya ce, "Baba, wannan da alama fawa aisi ne." Hannunsa har ya kai kan bulowa, na'urar iska mai zafi da ake cire aisi da ita.

Na ce, "Dakata tukuna, taɓa bayanta ka ji."

Ya taɓa ya janye yatsa. Na ce ya kashe ta ya ajiye a gindin randa, Baba ya je ya ƙarasa cinikin awakinsa ya dawo.

Fawa aisi, ɗan sashen da ke raba wuta a injin waya, a bakin masu gyaran waya ya zama kamar basir a bakin masu maganin gargajiya: duk ciwon da aka rasa kansa, shi ake jingina wa. Ba kullum suke kuskure ba, yana ƙonewa, balle inda ake caji da janareto mai wasa da wuta. Amma akwai rabin labarin da bulowa ba ta kaiwa gare shi. Ɗan baƙin abin nan da bai fi ƙwayar masara faɗi ba, yawancin aikinsa ba da ra'ayin kansa yake yi ba. Umarni ake ba shi a rubuce, lamba bayan lamba, kuma akwai mai ba shi umarnin.

Batirin waya yana ba da wuta wajen bolt 3.7. Idan ya cika ya kai 4.2, na wasu sababbin wayoyi ya ɗan haura haka, idan ya kusa ƙarewa ya gangaro ƙasa da 3.5. To kusan babu wani sashe a injin waya da zai sha wannan wutar yadda ta fito. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, wajen bolt 1 take so, ka ba ta 4 ta mutu nan take. Katin memori 3.3 yake so, wasu sassan 1.8, kamara da nata, sikirin da nasa. Wanda ya yi noman rani a Auyo ko Kadawa ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ruwa a dunƙule yake tahowa daga madatsa, amma ba a dunƙule yake shiga gona ba. Babban kanal ya ba ƙanana, kowace da ƙofarta. Shinkafa tana son ruwa ya kwanta mata, albasa kuwa ka yi mata haka ta ruɓe. Fawa aisi, wanda injiniyoyi ke kira PMIC, shi ne ƙofofin nan duka a cure wuri guda, haɗe da ma'aunin ruwan da ya rage a madatsa, da ƙofar da ruwan caji ke shigowa, har da makunnin da kake dannawa a gefen waya.

Ƙofofin iri biyu ne. Akwai LDO, mai rage wuta ta hanyar mai da rarar ta zama zafi: daga 3.8 zuwa 1.2, kashi biyu cikin uku na ƙarfin ya tafi a banza. Akwai kuma DC-DC, mai kunnawa da kashewa sau miliyan ko fiye a daƙiƙa ɗaya tare da ɗan koyil ɗin nan da ake gani kusa da aisin, shi asararsa kaɗan ce. Shi ake ba maciya irin furosesa, LDO kuma a bar wa masu son wuta mai tsabta, irin sashen sauti.

Yanzu ta yaya ake gaya wa ƙofa ta buɗe, kuma iya ina za ta buɗe?

A cikin aisin akwai ƙananan gurabe masu lamba, su ake kira rajista. Kada sunan ya kai hankalinka ga rajistar makaranta. Ka ɗauke su jerin akwatunan makunni a jikin bango, kowane akwati da lambarsa, a cikinsa makunni 8, kowanne ko a kunne ko a kashe. Makunni ɗaya shi ne bit. Wasu akwatunan kai ne ke juya makunnansu aisin ya bi. Wasu kuma aisin ne ke juyawa, kai naka dubawa, a nan yake gaya maka halin da batir ke ciki.

Hanyar zuwa akwatunan siraran layuka biyu ne a jikin injin, tsarin da ake kira I2C, wanda kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da shi a 1982. Layi ɗaya yana buga kiɗa, ɗayan yana ɗauke da magana, kowane bugu bit ɗaya. Aisi da yawa suna iya zama kan layukan nan biyu, don haka kowanne da lambar gidansa. Furosesa ta kira lambar gida, ta faɗi lambar akwati, sannan ta ce ga abin da za a rubuta, ko kuwa a karanto mata abin da ke ciki.

Bari in ɗauki aisi guda wanda na sani a hannu, AXP209 na kamfanin X-Powers. Shi ne a cikin tarin tablet masu araha da ƙananan allunan kwamfuta masu furosesa Allwinner A10 da A20 na wajen 2012 da 2013. Lambar gidansa 0x34. Wannan 0x alama ce kawai cewa ana ƙirga sha shida-sha shida maimakon goma-goma, a lissafinmu 52 ke nan. Akwati mai lamba 0x23 shi ke faɗin iya wutar da za a ba furosesa. Ƙa'idarsa: a fara daga bolt 0.7, kowane mataki a ƙara 0.025. Kana son 1.4? Ka cire 0.7, saura 0.7, ka raba da 0.025, ka sami 28. Ka rubuta 28 a akwatin nan, ƙofa ta tsaya daidai 1.4. Ka rubuta 63 bisa kuskure, ta buɗe zuwa 2.275, furosesa ta gasu. Akwatuna 0x78 da 0x79 kuwa na dubawa ne: a haɗa su su ba da lamba ɗaya, a ninka da 1.1, a sami ƙarfin batir a milibolt, wato kashi ɗaya cikin dubu na bolt. Ka ga 3455, batir yana wajen bolt 3.8. Lambar nan da kake gani a saman sikirin, 61 ko 15, a wannan aisin daga akwati 0xB9 take fitowa.

Akwatin da ya koya mini hankali shi ne 0x12. A cikinsa makunnan ƙofofin suke zaune tare: bit na 4 shi ne ƙofar furosesa, na 1 ƙofar sauran sassan babban aisin da furosesa ke ciki, na 2 da na 3 da na 6 na LDO uku. Wani dare ina wasa da wani tsohon allo mai A20, ina son in buɗe ƙofar bit na 6. Direban aisin, wato manhajar da ke kula da shi, yana riƙe da shi, sai manhajar i2cset da nake rubutu da ita ta ce mini gidan nan da mai shi. Na tilasta mata. Daga 0 ake ƙirga bit, darajarsu kuma tana ninkawa, 1, 2, 4, 8, don haka bit na 6 shi kaɗai a lamba 64 ne, sai na rubuta 64 na danna. Ɗif. Ko ƙyaftawar ido ba a yi ba allo ya mutu, domin 64 ba "kunna na 6" take nufi ba, tana nufin "kunna na 6, kashe sauran bakwai". Na umarci furosesa ta yanke wa kanta wuta, ta kuwa yi biyayya. Garin neman gira na rasa ido. Sai da na zare caja na cire batir aisin ya koma yadda aka haife shi.

Maganin wannan a bayyane yake: ka fara karanto abin da ke akwatin, ka juya makunnin da kake so kaɗai, ka mayar da sauran yadda ka same su. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. A cikin na'ura ba kai kaɗai kake ba. A ce akwatin yana ɗauke da 22, wato ƙofa uku a buɗe. Wani aiki yana son buɗe ta bit na 6: ya karanta 22, ya ƙara 64, ya shirya rubuta 86. Kafin ya rubuta, wani aikin da ke son rufe ƙofar bit na 2 shi ma ya karanta 22, ya cire 4, ya shirya 18. Na farko ya rubuta 86, na biyu ya biyo ya rubuta 18. Ƙofar da na farko ya buɗe ta rufe, shi kuwa yana can yana rantsuwa a buɗe take. Irin wannan cutar ba ta zuwa kullum. Sau dubu lafiya, sau ɗaya kamara ta ƙi tashi, ka kashe waya ka kunna ta warke, mai gyara ya duba bai ga komai ba. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya ne, amma ba a akwatin rajista ba.

A nan kenel ke shigowa. Kenel, kada a haɗa da kanal na ruwa, ita ce ƙwayar da ke tsakiyar babbar manhajar na'ura, ita ke da izinin taɓa ƙarfe, wato sassan injin kansu. WhatsApp ba ya magana da batir, kenel yake tambaya. Wadda ke cikin kowace wayar Android ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991. A cikinta kowane aisi yana da direba. Sunan ya ɗan karkace, ba tuƙi yake ba, tafinta ne: ya san yaren aisi guda, ya san lambar kowane akwati da ma'anar kowane bit, yana fassara wa kenel.

A da kowane mai rubuta direba shi ke ƙera nasa tsarin karantawa da rubutawa, da nasa kwaɗon, da nasa kurakuran. Aisi ɗaya da ake iya jona shi ta I2C ko ta wani tsarin mai suna SPI sai a rubuta masa aikin sau biyu. Wani injiniya mai suna Mark Brown, a lokacin yana aiki da kamfanin Wolfson a Edinbara ta Sikotland, ya ga maimaicin ya yi yawa a direbobin sauti. Ya tattara aikin wuri guda ya sa masa suna regmap, ya shiga Linux 3.1 a 2011. Yau direba ba ya taɓa layukan da kansa. Yana gaya wa regmap siffar aisinsa: lambar akwati bit 8 ce, abin ciki bit 8 ne, iyakar lamba kaza, waɗannan ana rubuta musu, waɗancan ba a yi. Daga nan idan yana son juya makunni sai ya kira regmap_update_bits, ya faɗi akwati, ya faɗi makunnan da suka shafe shi, ya faɗi yadda yake son su zama. Regmap ta ɗauki makulli, ta karanta, ta gyara, ta rubuta, sannan ta saki makullin. Wanda ya zo a tsakiya sai ya jira a bakin ƙofa. Idan ma ta ga abin da ke ciki ya riga ya dace, ba ta wahalar da kanta da rubutawa.

A ganina duk abin da ke biye reshe ne, wannan shi ne gindin: makulli ɗaya, kuma kowa ta hannun mai makullin zai bi. Abin da na yi a daren nan haura katanga ne.

Akwai kuma batun nisa. I2C a gudunta na asali bugu 100,000 take yi a daƙiƙa. Karanto akwati ɗaya yana cin bugu kusan 40, kuma kafin a gama su furosesa mai gudun gigahaz 1 ta yi zagaye kusan 400,000. A wurinta wannan kamar aika yaro da ƙafa ne daga Auyo zuwa Haɗejiya ya tambayo farashin gero. Don haka regmap tana iya riƙe ɗan littafi a gida, ta rubuta abin da ta san yana cikin kowane akwati, idan an tambaye ta ta duba littafi ta ba da amsa. Ga akwatin 0x23 wannan daidai ne, tunda ba mai canja shi sai mu. Amma ƙarfin batir fa? Aisin ne ke canja shi kowane lokaci. Dole mai rubuta direba ya jera irin waɗannan akwatunan ya ce waɗannan masu sauyawa ne, kada a amince da littafi, a je a gano da ido. Ya manta da ɗaya, sai ka ga na'ura ta kafe a lamba guda tun safe, ko tana cewa caja na jone alhali an zare ta. Aisin lafiyarsa ƙalau, tafinta ne ke karanta labarin jiya.

Wasu akwatunan ma da ɗabi'ar da ba za ka zata ba. Idan ka jona caja ko ka danna makunnin gefe, aisin yana jan wani layi na daban, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Kenel ta zo ta duba akwatuna 0x48 zuwa 0x4C ta ga wane bit ne ya tashi, ta san dalilin sallamar. Don a sauke bit ɗin, 1 ake rubuta masa, ba 0 ba, wato "na ji". Ba a amsa ba, ya ci gaba da ƙwanƙwasawa har kenel ta gaji ta toshe kunne. Kuma tunda zuwa duba akwatin tafiya ce mai jira, ba a yin ta a tsaye a bakin ƙofa inda aka dakatar da komai, wani ma'aikaci na daban ake tasa ya je. Regmap tana da sashen da ke ɗauke wa direba wannan wahalar ma.

Aisi ɗaya ne, amma sana'o'insa da yawa, don haka direbansa ba ɗaya ba ne. Linux tana tsara su kamar gidan gandu. Akwai uba, a sashen da ake kira MFD: shi ke gane aisin, ya buɗe regmap guda ɗaya, sannan ya haifi 'ya'ya. Ɗaya ya kula da ƙofofin wuta, ɗaya batir da caji, ɗaya makunnin gefe, ɗaya ma'aunai. Kowa da gonarsa, amma rumbu ɗaya, makullin rumbu ɗaya.

Ɗan da ke kula da ƙofofi yana ƙarƙashin wani tsari da Liam Girdwood da Mark Brown suka kawo, wanda ya shiga Linux 2.6.27 a 2008. Hikimarsa ita ce direban kamara ba ya cewa "rubuta kaza a akwati kaza". Cewa yake "ina son wutata". Tsarin ya duba wace ƙofa ce tasa, ya ƙirga masu sha daga gare ta, ba zai rufe ba sai na ƙarshe ya ce ya ƙoshi. Haka idan furosesa za ta ƙara gudu, wuta ake fara ɗagawa sannan gudu ya biyo, idan za ta sassauta gudu ake fara ragewa. A juya wannan jeri, na'ura ta sandare.

Wace ƙofa ce ke zuwa wace gona, wannan aisin bai sani ba, direba ma bai sani ba, domin kowane mai ƙera allo da yadda ya ja layukansa. Ana rubuta shi a wata takarda daban da ake ba kenel lokacin tashi, bishiyar bayanin na'ura. A ciki za ka ga an ce a gida 0x34 akwai "x-powers,axp209", ƙofar furosesa kada ta gaza bolt 1, kada ta wuce wajen 1.4, kuma kada a taɓa rufe ta. Ko wani direba ya roƙi 2, za a ce masa a'a. Direban batirin AXP209 ma yana da irin wannan taurin kai mai amfani: aisin yana iya cajin batir har 4.36, amma direban ba ya yarda a zaɓi wannan, iyakarsa 4.2. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kuskure a takardar nan yana da alamar da ba a mantawa. Linux tana jira daƙiƙa 30 bayan tashi, sannan ta bi ƙofofin da ta samu a buɗe, duk wadda ba wanda ya ce tasa ce ta rufe ta don tanadin batir. Idan an manta ba a rubuta cewa sikirin daga ƙofa kaza yake sha ba, na'ura za ta tashi sumul, rabin minti ya cika sikirin ya yi baƙi. Kullum a daidai wannan lokacin. Ƙarfe mai lalacewa ba ya duba agogo haka. Akwai kuma lambar -517 da ke yawan fitowa a rahoton tashi, tana firgita sabon shiga. Ba cuta ba ce, direba ne ya zo neman wutarsa ya tarar mai ƙofa bai iso ba, aka ce ya koma layi a sake kiransa.

To wa ke buɗe ƙofar farko, tunda kenel tana buƙatar wuta kafin ta yi magana? Aisin da kansa. An dasa masa jerin farko tun daga masana'anta: an danna makunni, buɗe wannan, jira kaɗan, buɗe waccan. Wannan ya isa furosesa ta farka, ƙaramar manhajar tashi ta gyara abin da ya kamata, kenel ta zo ta karɓi ragama. Ga mai gyara wannan rabon aiki yana da amfani. Wayar da aka jona wa na'urar ba da wuta, aka danna makunni allura ba ta ko motsa ba, a nemi ciwonta a ƙarfe. Wadda ke tashi har tambari ya fito sannan ta mutu, ko take caji da wasa, ba a gama bincike ba tukuna. Kuma wannan na cikin dalilan da filashin, wato sake ɗora wa waya manhaja, da fayil ɗin da ba nata ba yake kwantar da ita: an ba mai ƙofa taswirar gonar wani.

Wani lokacin ma kenel ba ita kaɗai ce mai makulli ba. A wasu tablet masu furosesa Intel Atom da aisi AXP288, akwai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa a cikin furosesar da ita ma take magana da fawa aisi ta layukan I2C ɗin da kenel ke bi. Kwaɗon regmap bai san da ita ba, tunda ba 'yar gida ba ce. Sai da aka shigar da wani makulli na ƙarfe da ɓangarorin biyu ke karɓa bi da bi, aka kuma hana furosesa shiga barci mai nauyi muddin kenel na riƙe da shi, in ba haka ba na'urar gaba ɗaya ta daskare. Hans de Goede, wani ɗan Holan, ya sha aiki a kan waɗannan. Kashe na'ura ma da nasa rikicin. A AXP209 bit na 7 na akwati 0x32 ake kunnawa wuta ta ɗauke, amma wannan saƙo ne na ƙarshe, ana aika shi bayan an sallami ma'aikata an rufe ƙofofin sallama. Sai a 2019 sashen I2C na Linux ya sami tsayayyar hanyar aika saƙo a irin wannan hali ba tare da jiran kowa ba.

Wayoyin da ke hannunmu, su Tecno da Infinix da itel, yawanci furosesarsu ta MediaTek ce ko Unisoc, kuma ba I2C suke bi zuwa babban fawa aisi ba. MediaTek tana da wani ɗan aike na ƙarfe a tsakani da ake kira pwrap, Qualcomm tana bin tsarin SPMI. A kenel ta gama-gari duk regmap ce ke lulluɓe bambancin, direban ƙofofi bai damu da wace hanya saƙonsa ya bi ba.

Na ce "ta gama-gari" da gangan, domin a nan ne abin ke taɓa aljihunmu. Kenel iri biyu ce a aikace. Akwai wadda duniya ke gyarawa tare, akwai kuma reshen da mai ƙera furosesa ya yanka ya ɗora nasa direbobin don waya ta fita kasuwa. Lasisin Linux, GPL, ya wajabta a ba da rubutun kenel ɗin da aka sayar da na'ura da ita, amma bai wajabta a gyara shi a shigar da shi ta gama-gari ba, bai kuma wajabta a buga littafin rajistar aisin ba. Direban da ya tsaya a reshe yana tsufa tare da reshen. Ranar da aka daina kula da reshen, wayar tana nan da ranta, sikirin lafiya, batir ana iya canjawa, amma sabuwar kenel ba ta san yaren fawa aisinta ba. Kuma shi ba kamar rediyon FM ba ne da za a ce a haƙura da shi. Ba shi, ba caji, ba kashewa, ba wutar katin memori. AXP209 ya tsira ne domin littafinsa ya fita fili, masu sa kai na ƙungiyar linux-sunxi suka zauna suka rubuta masa direba, Carlo Caione ya kai uban direban cikin kenel ta gama-gari a 2014. Shi ya sa allon da na kashe a daren nan, mai shekara fiye da goma, har yau yana tashi da sabuwar Linux, alhali wayoyin da suka zo bayansa suna cikin kwalin ƙanena ana cire musu sifika da bakin caji. A ƙasar da ake canja waya duk shekara biyu wannan ba abin damuwa ba ne. A nan, inda waya ke tashi daga hannun wa zuwa ƙane zuwa uwa, da sauran magana.

La'asar ta yi dattijon ya dawo, igiyar akuya ɗaya a hannu, bai sayar da ita ba. Ƙanena ya ɗauko wayar daga gindin randa, ta huce. Ya jona caja, ya kunna. 61, can sai 62.

Batirin irin na waya ba a son a yi masa caji idan zafinsa ya haura wajen digiri 45. A jikinsa akwai ɗan ma'aunin zafi, aisin caji yana karanta shi, kuma akwai iyakar da aka rubuta: an kusa nan a rage, an wuce nan a tsaya. Wayar Baba ta wuni a kan teburin mai caji, ƙarƙashin kwano, cikin tsakiyar wasu wayoyi wajen talatin, a ranar da inuwa kanta ta haura 40. Abin da aka rubuta mata ta bi.

Dattijo ya ce, "To nawa zan bayar, ɗana?"

Ƙanena ya dube ni, ya dubi bulowar da ke gefe. Ya ce, "Bar shi, Baba. Amma ka ce wa mai cajin ya daina jibge su wuri ɗaya, kuma ka cire mata wannan rigar robar in za a jona ta."

Da ya tafi sai ya juyo gare ni. "Yaya, wannan akwatunan da kake faɗa, ana iya ganinsu a wayar nan?"

Na ce sai an buɗe ta har gindi, kuma ba kowace ke yarda ba, amma a allon nan nawa suna nan a jere a /sys/kernel/debug/regmap, kowace rajista da abin da ke cikinta. Ya ce in taho masa da shi kasuwa mai zuwa. Na ce zan kawo, da sharaɗin dubawa kawai zai yi, ba zai rubuta komai a 0x12 ba.